'Yata ta kafe sai soja: da wane mudu za a auna ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Samanja. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Taura. 'Yata ta fari ta gama sakandare bara, ta kafe ita sai soja, kuma ba asibiti ko ofis take nufi ba, bakin daga take so. Na ji a rediyo wai a Amurka yanzu gwajin ƙarfi ɗaya ake yi wa mace da namiji muddin aikin na faɗa ne. Kai da ka daɗe kana horar da kurata, wannan adalci ne? Jikin mace zai ɗauka kuwa, ko in taka mata birki tun yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya ta, ya shirya mana su baki ɗaya. Saƙonka ya same ni a gona muna kaɗe riɗi. Na so in sallame ka da layi biyu, sai na ga ba za ta yiwu ba. Fiye da rabin shekarun da na yi cikin kaki na yi su ne da usur a baki da agogo a hannu, ina auna 'ya'yan mutane maza da mata, don haka ka yi haƙuri da tsawon zance.

A bariki mudu biyu ne, kuma yawancin musun da kake ji a majalisa da rediyo daga cakuɗa su ya taso. Na farko shi ne mudun lafiya, gwajin da ake maimaitawa lokaci-lokaci don a ga ko soja ya saki jiki ya ajiye tumbi: a yi gudu, a kifa ciki a riƙa ɗago jiki da hannuwa, da makamantansu. Wannan mudu dama can ko tsakanin maza ba ɗaya ba ne. Da na haura hamsin babu wanda ya nemi in yi gudun kurtu ɗan shekara 19, kuma ban taɓa jin an kira haka son kai ba. Abin da ake tambaya kawai shi ne, a shekarunka da ƙirarka, kana kula da jikinka? In an ba mace nata lokacin daban a nan, ba a cuci kowa ba. Ko likita in ya auna jini, ƙasa da 13 yake kira ƙaranci ga namiji, ga mace kuwa ƙasa da 12.

Na biyu shi ne mudun aiki, shi kuwa kaya yake aunawa. Bari in kawo maka na sojan ƙasan Ingila, wanda suka shigo da shi a 2019, don shi ya fi fitar da abin da nake nufi. Duk mai son zama sojan ƙafa zai yi tafiyar kilomita 4 da kaya kilo 40 cikin minti 50, ya ƙara kilomita 2 da kilo 25 cikin minti 16. Zai ja buhu mai kilo 110 tsawon mita 20 cikin daƙiƙa 35. Zai riƙe jarka biyu, kowace kilo 22, ya kai su mita 240 cikin minti huɗu. Akwai kuma ɗaga kilo 70 sama. Kowace lamba da dalilinta. Kilo 110 ɗin nan abokinka ne da aka harba, da rigar sulkensa da harsasansa da ruwansa, kai kuma za ka janye shi bayan gini kafin a sake harbi. Jarkokin nan hannun gadon ɗaukar majinyaci ne. Kilo 70 ɗin direba ne da ya suma a cikin mota mai sulke, za a zaro shi ta ƙofar sama. A wannan gwaji ba su bambanta mace da namiji ba, ba su kuma bambanta yaro da dattijo ba.

Kai ma ka san wannan mudu, Malam, ba sai ka je Ingila ba. Ran Lahadi ka tsaya a Gujungu inda ake sauke taki. Buhu kilo 50 ne a kan ƙato, kilo 50 ne a kan siriri. Mai mota ba ya tambayar ɗan dako shekarunsa, so yake a sauke masa kaya kafin la'asar. Bindiga mai jigida ta kai kusan kilo 12 ba tare da jigidar ba. Ƙwayar harsashin babbar igwa ta haura kilo 40. Sojojin Amurka da aka auna kayansu a Afganistan a 2003, abin da suke ɗauka a doguwar tafiya ya kai wajen kilo 45. In aka sassauta wa wani wannan mudu, kayan ba su ragu ba, kafaɗar na kusa da shi suka koma. To a kan tambayarka ta adalci, ni a nan nake: in aikin na sojan ƙafa ne, ko lodin igwa, ko dakaru na musamman, mudu ɗaya ne adalci. Ita kanta macen shi ya fi yi mata rana, domin wadda ta wuce da mudun kowa babu mai kallonta a ce alfarma aka yi mata.

Yanzu ga ɓangaren da masu cewa komai daidai ne ba sa son ji. In ka jera mace matsakaiciya da namiji matsakaici, ƙarfin damtse da kafaɗa da ƙirjinta kusan rabin nasa ne, na ƙafa kuwa wajen kashi biyu cikin uku. Zuciyarta ta fi ƙanƙanta, jininta bai kai nasa ɗaukar iska ba, ƙashinta ya fi siranta. Wani bincike da aka yi a Jamus kan ƙarfin damƙa ya nuna mata 90 cikin 100 ba su kai inda maza 95 cikin 100 suke wucewa ba. Sannan ga lissafin da ɗan aji shida zai yi maka: kilo 40 a bayan saurayi mai kilo 75 ya ɗan ɗara rabin nauyinsa, amma a bayan yarinya mai kilo 55 ya kusa kashi uku cikin huɗu. A 2015 dakarun Marin na Amurka, masu yaƙi ta ruwa da tudu, sun yi wata tara suna gwada rukunin maza zalla da rukunin da aka gauraya. Cikin ayyuka 134, maza zalla sun yi gaba a 93, musamman tafiya da kaya da janye wanda ya ji rauni, kuma matan sun fi samun ciwon tsoka da ƙashi. An soki binciken, an ce jimilla aka duba ba mutum ɗaiɗai ba, kuma da yawa cikin mazan tsofaffin hannu ne alhali matan fitowarsu daga horon ke nan. Sukar tana da gaskiya. Amma ni da na riƙe agogo ba zan ce maka sakamakon ya ba ni mamaki ba.

Sai dai matsakaici ba ya cika fom, mutum ɗaya ne yake cikawa. A wannan shekara ta 2015 ɗin, mata 19 suka shiga makarantar Ranger ta sojan ƙasan Amurka, horon da ya haura kwana 60 na yunwa da rashin barci da tafiya da kaya a dutse da fadama, wanda ko a cikin maza fiye da rabi sukan faɗi. Biyu suka gama a watan Agusta, Kristen Griest da Shaye Haver. Ta uku, Lisa Jaster, ta gama a Oktoba tana da shekara 37 da 'ya'ya biyu. A Disambar shekarar Amurka ta buɗe wa mata dukkan ayyukan faɗa, Ingila ta kammala buɗe nata a 2018, Kanada kuwa ta buɗe kusan duka tun 1989. Ka lura da lambar: uku cikin 19, kuma su 19 ɗin ma tacewa aka yi. Haka abin yake duk inda aka riƙe mudu da gaskiya. Kaɗan ne suke wucewa, kuma ba laifi ba ne su zama kaɗan. Laifin yana farawa ne ranar da wani babba a ofis ya ce lallai sai an samu kaza cikin ɗari, sai mai agogo ya fara kau da kai.

Abin da ka ji a rediyo yana da tarihi, kuma ba su tsaya wuri ɗaya ba su ma. Sojan ƙasan Amurka sun fito da sabon gwaji da niyyar ya zama ɗaya ga kowa. A cikinsa akwai rataya a ƙarfe a naɗo gwiwa zuwa gwiwar hannu, mata da yawa suka riƙa faɗuwa a nan, aka tambayi ko wane aikin soja wannan yake aunawa, amsa ba ta gamsar ba. A 2022 aka cire shi, aka koma ba da maki bisa jinsi da shekaru. A watan Yunin 2025 aka sake juyawa, aka ce ayyukan faɗa guda 21 maki ɗaya ne ga mace da namiji. A ƙarshen Satumba ministan tsaronsu, Pete Hegseth, ya tara janar-janar a barikin Quantico ya ce ma'aunin namiji mafi girma za a bi, in hakan ya sa babu macen da ta cancanci wasu ayyukan, shi ke nan. A nan ne nake rabuwa da shi. Ma'auni daga aikin ya kamata a ciro shi, ba daga namiji ba. In ka ce ma'aunin namiji, wane namijin? Na ga ƙattin samari 'yan birni masu ƙwanji kamar an hura, a kilomita na takwas sun zube, ga wani ɗan ƙauye kamar karan dawa yana tafe da jakarsa da ta wani. Kuma gwajin na Amurka na Yunin 2025 ya sassauta wa mai shekaru. In hujjar ita ce kaya ba su san mace ba, ai ba su san dattijo ba. Na Ingila ya fi tsayawa a kan magana ɗaya. A je a auna abin da aikin yake buƙata da sikeli da agogo, a kafa lamba a nan, kada a ɗaga ta don a kori wasu, kada a sauke ta don a shigo da wasu.

Tambayarka ta biyu, ko jiki zai ɗauka, ita ta fi damuna, don a nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake neman gafara a kai.

Akwai sandar da samanja yake riƙewa a fareti, mai buɗewa kamar almakashi. Taku take aunawa, inci 30, wato wajen santimita 76, gadon da Turawan Ingila suka bar mana. Lokacin da aka fara haɗa min mata a rukuni, yadda na saba na yi: dogaye a gaba, gajeru a baya, kowa ya bi takun na gaba. Bayan 'yan makonni sai yaran mata suka fara ɗingishi, wannan ta ce matsematsinta, waccan ta ce ƙwaurinta. Na ɗauka lalaci ne, na ƙara musu zagaye. Sai da aka ɗauki hoton ƙashin ɗaya aka ga ƙashin ƙugu ya tsage. Ba faɗuwa ta yi ba, ba wanda ya buge ta. Miƙa ƙafa fiye da tsawonta, da kaya a baya, a kan kwalta, dubban taku kullum, shi ya riƙa cin ƙashin kamar yadda igiyar guga take cin bakin rijiya. Irin wannan tsagewa ba a gane ta da ido, mai ɗori ma ba zai same ta ba, kuma in aka ci gaba da takawa takan zama karaya sosai.

Ashe ba ni kaɗai na yi wannan wautar ba. A ƙarshen shekarun 1990 sojan Ingila suka ce a yi wa mata da maza horo iri ɗaya, gudu ɗaya, kaya ɗaya, tun ranar farko. Matan da ake sallama saboda irin wannan ciwo suka tashi daga 4.6 cikin 100 zuwa 11.1, na maza bai kai 1.5 ba. Sojan Ostireliya kuwa, a farkon shekarun 1990, sun tarar kurata mata 11.2 cikin 100 suna samun tsagewar ƙugu. Suka rage saurin tafiya daga kilomita 7.5 a awa zuwa 5, suka bar kowa ya yi takunsa, suka koma gudu a ƙasa mai laushi, suka daddatsa dogon gudu zuwa gajeru. Abin ya faɗo zuwa 0.6. Jikin matan bai canja ba, hankalin masu horarwa ne ya canja. Wani gwajin da cibiyar binciken sojan Amurka ta yi a tsakiyar shekarun 1990 ya ɗauki mata fararen hula ya yi musu horon ɗaga nauyi da gudu da kaya na mako 24. A farko 24 cikin 100 ne suka kai matakin aikin soja mai nauyi ƙwarai, a ƙarshe 78. An kuma sha ganowa cewa in ka jera mace da namiji da suka shigo da gudu iri ɗaya, tazarar jin ciwo a tsakaninsu tana raguwa sosai. Wato babban abin da yake karya yarinya shi ne shigowa ba shiri.

Saboda haka mudu ɗaya a ranar gwaji, amma hanyar zuwa ranar ba dole ta zama ɗaya ba. Numfashi yana gyaruwa cikin makonni, tsoka ta biyo baya, ƙashi kuwa watanni yake so. Wanda bai san wannan ba shi ne yake ganin yarinya ta daina haki sai ya lafta mata kaya.

A nan 'ya'yanmu na karkara suna da abin da 'yan birni ba su da shi, kada ka raina. Yarinyar da ta tashi tana jan guga, tana daka, tana surfe, tana ɗauko ruwa da itace, ko 'yar Fulanin da take taka kilomita da yawa a jigawa da ƙwaryar nono a ka, ƙashinta ya san nauyi tun yana ɗanye. Masu bincike a Kenya a 1986 sun auna matan Luwo da Kikuyu, suka ga suna ɗaukar kayan da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsu a ka ba tare da numfashinsu ya ƙaru ba, abin da kurata masu jakar baya ba su iya ba. Masu cewa ƙarfin mata sai yawan magana ba su taɓa riƙe taɓarya daga hantsi zuwa azahar ba. Sai dai soja ba a ka yake ɗauka ba, akwai hular kwano, kaya a baya da kafaɗa suke. Kuma akwai abin da yake cin 'yan matanmu a ɓoye, ƙarancin jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 58 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 suna da shi. Mai ƙarancin jini komai zuciyarta ba za ta yi gudu ba. Haka wadda horo da ƙarancin abinci suka sa al'adarta ta ɗauke, wannan alama ce ƙashi ya fara rauni, ba abin murna ba ne, ba kuma abin ɓoyewa ba.

To ina 'yarka za ta faɗa a nan gida? A 2011 makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin mayaƙa, su 20. Kafin nan manyan matan da suka yi suna ta wasu ƙofofin suka bi: Aderonke Kale, wadda ta zama manjo janar a 1994, likitar ƙwaƙwalwa ce, Itunu Hotonu ta sojan ruwa kuwa mai zanen gine-gine. Blessing Liman, 'yar Zangon Kataf, ita ce mace ta farko da ta tuƙa jirgin sojan sama. A Oktoban 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni fiffike a matsayin ta farko a jirgin yaƙi, da Tolulope Arotile a jirgi mai saukar ungulu na yaƙi. Arotile ta yi aiki a kan 'yan bindiga a jihar Neja kafin hatsarin mota ya yi ajalinta a Kaduna a Yulin 2020, tana da shekara 24. A sama babu wanda ya sassauta musu komai, kuma babu buƙata, don jirgi ido da kai da sanyin zuciya yake nema. A 2018 aka kafa rundunar mata ta sojan ƙasa, a Janairun 2021 aka sanar da tura mata 300 hanyar Abuja zuwa Kaduna.

Akwai kuma abin da yaƙinmu ya koya mana, wanda mudun kaya bai isa ya auna ba. A Yunin 2014 mace ta fara tayar da bam a jikinta a Gombe, a Yuli abin ya iso Kano, a Disamba aka yi na Kantin Kwari. Wata cibiyar bincike ta makarantar soja ta West Point ta ƙirga 'yan ƙunar baƙin wake 434 na Boko Haram daga 2011 zuwa tsakiyar 2017, aƙalla 244 mata ne, da yawansu yara da aka tilasta. Dabarar a fili take: sun san soja ba zai ɗaga hijabin matar mutane a shinge ba, in kuwa ya ɗaga, gari ya juya masa baya. Wa zai shiga gidan da aka rubuta ba shiga? Wa matar da aka ceto daga daji za ta gaya wa abin da aka yi mata, da inda aka binne makamai? Dole aka nemo mata, a soja da 'yan sanda da 'yan sa-kai na Maiduguri. Amurkawa ma haka ta same su a Iraƙi da Afganistan, suka riƙa haɗa mata da 'yan sintiri tun dokarsu tana cewa mace ba ta faɗa. Wadda take tsaye a shinge tana laluben mai ɗauke da bam, ai ta fi kowa kusa da mutuwa. Kwanton ɓauna ma ba ya tambayar wane reshe kake. Leigh Ann Hester 'yar sandan soja ce mai rakiyar ayarin motoci a Iraƙi, aka far musu a Maris 2005, ta shiga ramin maharan da gurneti da bindiga, aka ba ta lambar jarumta. Don haka kada ka kwantar da rai wai in an sa 'yarka a sigina ko tuƙi ko asibiti ta tsira, kada ita ma ta ɗauka in ba ta zama sojan ƙafa ba ba ta yi yaƙi ba.

Na san za a kawo maka Sarauniya Amina ta Zazzau da Sarauniya Mangu da ta tsaya wa Faransawa a Lugu ta ƙasar Nijar a 1899, da mayaƙa mata na Dahome da suka kai wa Abekuta hari a 1851. Duk sun isa a ambace su, amma ba su amsa tambayar kilo da minti. Wanda ya fi amsa ta a wajena yana cikin Sira. Ranar Uhudu Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da yara gida, sai ya bar Rafi'u bin Khadij don an shaida gwanin harbin kibiya ne. Samura bin Jundub ya ce shi ai yana kayar da Rafi'u. Aka ce su kama kokawa, ya kayar da shi, aka bar shi shi ma. An gwada, an gani, an yanke. A wannan ranar ce kuma Nusaiba bint Ka'ab, wadda ta fito shayar da ruwa, ta ɗauki takobi da mutane suka watse, aka sare ta a kafaɗa, daga baya a Yamama ta rasa hannu. Malamanmu na Malikiyya sun ce fita yaƙi ba wajibi ba ne a kan mace sai in maƙiyi ya afka wa gari. Batun sutura da cuɗanya da nisa da muharrami kuwa, ku zauna da malamin da kuka amince da shi, da mahaifiyarta a wurin, don ita za ta fi kowa rashin barci.

Wani abu kuma da uba ya kamata ya ji daga bakin wanda ya zauna a ciki. A rundunonin duniya da yawa, abin da ya fi korar mata daga aiki ba jaka ba ce, na sama da su ne da ba ya tsoron Allah, a wurin da ƙin bin umarni laifi ne. Akwai hanyoyin kai ƙara, akwai manyan mata hafsoshi yanzu, amma yarinyar da ta san gidansu zai saurare ta ba tare da an fara zarginta ba ta fi ƙarfin tsayawa. Ka gaya mata wannan da bakinka kafin ta tafi, in tafiyar ta tabbata.

Kada ka taka mata birki da baki, kada kuma ka sa mata hannu don ta yi kuka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara da asibiti, a auna jininta, in ya yi ƙasa a gyara da magani da hanta da wake da zogale da rama, ta kuma raba shayi da lokacin cin abinci don yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe. A auna tsayinta ba takalmi, domin akwai iyaka, ta maza mita 1.68, ta mata ƙasa da haka kaɗan, sanarwar shekarar ce za ta faɗi lambar. Ana neman marasa aure, shekara 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da sana'a, da takardar gama sakandare mai Ingilishi a ciki. In sakamakonta mai kyau ne, ku dubi NDA ta hanyar JAMB kafin Defo ta Zariya inda ake horar da kurata, don hafsa da kurtu rayuwarsu ba ɗaya ba ce. Fom ɗin Defo kyauta ne a intanet. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin tunkiya zai sa sunanta, ɓarawo ne, ko da kaki ya zo.

Sannan a ba ta wata shida. Wata biyun farko tafiya da sassarfa bayan asuba, kwana uku a mako, a kan turɓaya, ba kwalta ba, ba kuma cikin yashi mai nutsewa ba. Daga nan jakar baya da kilo 5 na gero a ciki, a riƙa ƙara kilo biyu duk bayan mako biyu, ranar da aka ƙara nauyi ba a ƙara nisa. Ɗaga jarka daga ƙasa da gwiwa a lanƙwashe da baya a miƙe, tsuguno da tashi da kaya, rataya a reshe tana jan jikinta sama ko da sau ɗaya ne a farko. Ciwon da ya bazu a tsoka ya tafi bayan kwana biyu ba komai. Wanda ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, ana iya nuna shi da ɗan yatsa, yana ƙaruwa da taku, a tsaya a je a ɗauki hoto. A cikin wata shidan nan za ka ga ɗaya daga biyu: ko ta riƙa tashi da kanta kafin ka tashe ta, har cikin hunturu, ko kakin ne dama yake burge ta.

Lahadi mai zuwa in Allah ya kai mu zan kai riɗi Gujungu, a komowa zan biyo ta wajenku bayan la'asar. Ka sa a auna min mita 240 a filin makarantarku, a tanadi jarka biyu, a zuba lita goma-goma kawai, ba 22 ba tukuna. Ka kira 'yan'uwanta maza su ma su ɗauka, ina so ta ga lokacinsu su ga nata. Agogo yana wajena. Ka ce mata kada ta sa sabon takalmi.